Ni Nake Zaɓar Wanda Za A Kwantar

Ba zan faɗi sunana ba. Ba kunyarku nake ji ba, sai dai ina da 'yan'uwa da har yanzu suke amsa sunan mahaifinmu, kuma abin da na jawo musu ya isa.

Da can malami ne ni a wata kwalejin ilimi, ina koyar da labarin ƙasa. Ba na shan taba, ban san hanyar gidan rawa ba, idan liman bai zo ba ni ake turawa gaba. Da aka ba ni gurbin karatun digiri na uku a Malaysia da kuɗin gwamnati, sai aka ce in kawo wanda zai tsaya mini, cewa zan gama in dawo. Malam Idi, shugaban sashenmu, bai ko karanta takardar ba ya sa hannu. Na ɗauki matata Rabi da 'yarmu Ummi muka sauka a Kuala Lumpur, muka kama gida a Sri Petaling inda ɗalibanmu suke da yawa.

A shekara ta biyu kuɗin tallafin ya fara makara. Wata ya wuce, wani ya biyo, mai gida yana buga ƙofa. Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin uzurina, don ni kaina na daina ɗauka. A benen da muke akwai waɗanda suka fi ni 'ya'ya, kuɗinsu ma ya makara. Matansu suka riƙa yin dambun nama da cincin suna sayarwa, mazan suna gyara wa Larabawa rubutun Turanci, aka lallaba har suka gama. Ni ne na ga na fi ƙarfin wannan.

Na fara ne da raka baƙi. Manyan ma'aikata daga gida sukan zo taro, ni kuma in kai su Chow Kit su sayi jakunkuna da turare da tsarabar iyali, su ɗan ba ni na mota. Wata rana bayan na mayar da wasu masaukinsu, babbansu ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, kasuwa mun gani. Yanzu ina ake zuwa a ga gari?" Na gane abin da yake nufi. Na kai su Bukit Bintang, suka cire huluna suka sa a aljihu suka shiga mashaya, ni na zauna a waje da kwalbar lemo ina jin ni na Allah ne. Abin da suka ba ni ranar ya fi na rakiyar kasuwa nesa. Kafin a jima lambata ta zagaya hannun irinsu.

A wani shagon shayi na mamak, wato na Indiyawa Musulmi, a unguwar Brickfields na haɗu da Sabo. Shi ma karatu ya kawo shi, ya watsar tun da daɗewa. Agogonsa kaɗai ya isa ya gaya maka ba tallafi yake jira ba. Ya ce ya ji labarina, kuma ɓata basirata nake yi. Yana da harka a tsibirin Langkawi, inda giya ba ta da tsada kuma Turawa suke cika bakin teku: ana tara masu yawon buɗe ido a zagaya da su mashaya-mashaya.

Na ce, "Ni fa ba na sha."

Ya yi dariya ya ce, "Shi ya sa nake nemanka. Mashayi ba ya kiwon mashaya. Kana da Turanci, kana da fuskar mutunci. Ƙarshen mako kawai, boleh? Ka yarda?"

Na gaya wa Rabi cewa bincikena ne ya koma tsibirin. Har addu'a ta yi mini a bakin ƙofa.

Aikin a fili ba wuya. Da yamma in ɗaura wa kowa zare mai launi a hannu, in ɗauki tuta da usur in shige gaba. Mu shiga wannan mashaya su sha, a yi wasa, a yi ihu, in busa usur mu wuce ta gaba. Masu mashayar suna biyan Sabo ladan kawo musu ciniki. Na ɗan jima ina wannan kafin ya nuna mini ainihin inda kuɗin yake fitowa.

Ya ce, "Kai ba za ka taɓa kowa ba. Hira kawai za ka yi da su, ka gaya mini wanda ya zo shi kaɗai."

Haka na zama mai zaɓe. In zauna kusa da mutum in tambaye shi garinsu, da wa ya zo, a ina ya sauka, yaushe jirginsa. Wanda ba shi da kowa kuma gobe zai tashi, shi ne namu. Sai in gaya wa Sabo da Hausa, a gaban mutumin, ina yi masa murmushi. Sabo ya jefa masa ƙwayar barci a kofi. In jikinsa ya saki, ni nake rataya hannunsa a kafaɗata in kai shi ɗakinsa, ma'aikatan otal har godiya suke yi mini. A ɗaki Sabo ya kama yatsan mutumin ya buɗe wayarsa ya kwashe abin da ke asusunsa. Da safe ya farka kansa na sarawa, jirgi na jiransa, kunya kuma ta hana shi zuwa wurin 'yan sanda.

A Kuala Lumpur kuwa na zama mutumin kirki. In an yi haihuwa ni ne a gaba, in ana tara gudummawar shan ruwa da azumi nawa ya fi na kowa. Ba wanda ya tambaye ni inda ɗalibin da tallafinsa bai zo ba yake samu, sai Rabi. Tana wanki ta ɗago rigata ta ce, "Abban Ummi, wane irin bincike ne ake dawowa da wannan warin?" Na daka mata tsawa, na ce ta fara zargin mijinta, in ta gaji da zama in saya mata tikiti. Ta yi kuka ta ba ni haƙuri. Ita ta ba ni haƙuri! Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji kamar in shaƙe kaina.

Ranar da asirinmu ya tonu, akwai wani dattijon Bature a cikin ayarin, mai hular kaba. Ya ce matarsa ta rasu bara, tare suka shirya wannan tafiyar, 'ya'yansa suka matsa masa ya zo ko zai sake. Ya nuna mini hotunan jikokinsa. A gabana ya ciro maganin ciwon zuciya ya haɗiya da ruwa. Na gani da idona. Rana ba ta gama faɗuwa ba, muna mashayar farko, na juya na ce wa Sabo, "Tsohon nan mai hula. Shi kaɗai ne, gobe zai tashi."

Sabo ya nufi wurin masu zuba giya. Can sai na ji murya a bayana, da Hausa tsantsa: "Malam, tsohon me ya yi muku?"

Na waiwaya. Wata Baturiya ce mai furfura-furfura da ke cikin ayarin, tun ɗazu tana zaune da ƙawarta. Daga baya na ji cewa ungozoma ce, ta yi shekaru tana aiki a wani asibiti a Nijar. Na ƙaƙalo dariya na ce wasa muke yi.

Ta ce, "Ban ji alamar wasa ba. Ka ji tsoron Allah, Malam."

Na kutsa cikin mutane na sami Sabo na ce a fasa, an ji mu. Ya ce, "Ya riga ya sha." Ban sake ganin Sabo ba daga wannan maganar har yau.

Dattijon ya tashi yana dafa kujeru, ya fita ta ƙofar baya wai zai sha iska. Ta taga na hango shi ya taka yashi, ya zauna, sannan ya kwanta. Ruwan teku yana hawowa a lokacin, kuma na fi kowa sani, abin da na koyar ke nan a aji. Taku kaɗan ne tsakanina da shi. Na ɗaga tuta na busa usur, na kwashi ayarin muka yi gaba don kada kowa ya lura. A mashaya ta gaba na sulale, na ɗauki jakata, da gari ya waye na bi jirgin ruwan farko.

Matar nan ce ta neme shi. Ita da ma'aikatan mashayar suka jawo shi ruwa ya riga ya rufe masa fuska. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa ya mutu, maganarsa ta tafi.

Wata safiya 'yan sanda suka zo mini a Sri Petaling, Ummi ta sa kayan makaranta tana shan shayi. Suka sa mini ankwa a falo. Yarinyar ta riƙe wandon ɗan sandan tana ce masa da Malayanci sun yi kuskure, babanta malami ne. Rabi kallona kawai take yi, maƙwabtanmu sun cika baranda.

A ofishinsu, da jami'in ya gama karanta mini abin da ake tuhumata, kun san abin da ya fito daga bakina? Cewa na yi, "Ranka ya daɗe, ni Musulmi ne kamarka. Wallahi ban taɓa kai giya bakina ba." Ya ajiye biro ya dube ni ya ce, "To da hankalinka ka yi ke nan." Shekara da shekaru ina ɗauke da wannan maganar kamar lambar yabo, mutumin ya fasa ta da jimla ɗaya.

Sabo ya tsallaka Thailand, aka bar ni ni kaɗai da hotunan kyamarorin otal, ga fuskata ina tallabe da mutane ɗaya bayan ɗaya. Ungozomar ta dawo daga ƙasarsu ta ba da shaida, ta maimaita wa alƙali maganata kalma-kalma. Aka yanke mini shekaru a kurkuku, har da bulala. Bulalarsu ba irin ta makaranta ba ce. Ɗaure mutum ake yi a jikin katako, likita yana tsaye, kuma tabon yana nan har kabari.

Manyan da na riƙa rakawa mashaya, babu wanda ya ɗaga wayar Rabi. Ɗaliban da nake yi wa kallon marasa dabara su suka haɗa mata kuɗin jirgi. Su ma ban bar su ba, don masu gidaje a unguwar sun fara cewa ba sa son ɗan Nijeriya, wasu da ƙananan yara aka ce su tashi. Kafin ta tafi Rabi ta zo sau ɗaya, gilashi a tsakaninmu. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Duk shinkafar da na dafa wa yarinyar nan da kuɗin nan ce? Kuma da na tambaye ka, ni ka mayar mai laifi? Ka ba ni takardata."

Na ba ta. Ba ni da bakin cewa a'a.

Da na gama wa'adina aka kai ni sansanin masu jiran kora, daga nan aka sa ni a jirgi. Na sauka Kano da kayan jikina. Aiki ya tafi, karatu ya tafi, Rabi ta yi aure. Na tarar an daɗe ana yankar albashin Malam Idi saboda hannun da ya sa mini. Na je gidansa na durƙusa a zaure. Ya ce, "Na yafe maka don ina son Allah Ya yafe mini. Amma kada ka sake zuwa gidana." Dattijon nan kuwa ban san inda zan same shi ba, ban ma san ko yana raye ba. Ina roƙon gafarar Allah dare da rana, amma na san haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai, kuma da wannan nake kwana nake tashi. Yanzu ina aiki a wani gidan bulo, ni nake lura da masu lodi.

Abin da ya sa na rubuta wannan shi ne abin da ya faru kwanan baya. Wasu samari biyu, masu digiri, suka same ni a wurin aiki. Na ɗauka nasiha suka zo nema, na zauna na ba su labarin nan duka, ban rage komai ba. Da na gama sai ɗayansu ya gyara zama ya ce, "Amma Malam, ai kuskurenku Hausar da kuka yi ne. Shi Sabon, kana da lambarsa?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Da masu lodi ba su riƙe ni ba, da na koma kurkuku a ranar.

Saboda haka ku saurare ni, ku da kuke jiran biza da ku da kuke can. Duk wanda ya ce muku ba za ku taɓa kowa ba, magana kawai za ku yi, ku tashi ku bar masa shayinsa. Duk aikin da ba za ka iya gaya wa matarka ko mahaifiyarka sunansa ba, ba aiki ba ne. In tallafi ya makara ka ci shinkafa da mai da yaji, ka wanke kwanuka, ka roƙi 'yan'uwanka. In abin ya gagara gaba ɗaya, ka tattara iyalinka ka dawo gida ba digirin. Za a yi maka dariya wata biyu a manta. Ni ba wanda yake yi mini dariya. In na shiga masallaci matsawa ake yi, kuma ban ga laifinsu ba.