Likkafanin Alhaji a Bayan Kujera

Da sassafe Malam, limaminmu, ya kira ni a waya, ko gaisuwa bai bari mun gama ba. Ya ce in tafi McLeansville gidan Alhaji in karɓo likkafani. Shi da masu wanka suna can gidan ajiye gawa, an ara musu ɗakin wanka zuwa hantsi kawai, masu haƙa kabari kuma sun ce ba za su wuce azahar ba saboda ƙanƙara.

Alhaji ya rasu ne bayan magaribar jiyan, ciwon ƙirji, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Tsohon direban babbar mota ne, mutumin Maraɗi, kuma shi ya ɗauko ni daga filin jirgi shekarar da na zo Amurka karatu a Greensboro. Duk wanda ya taɓa cin tuwo a gidansa ya san labarin likkafanin nan. A Makka ya saye shi, ya tsoma shi a zamzam da hannunsa, kuma ya sha gaya mana cewa a cikinsa za a sa shi, ba a zanin gadon kanti ba.

Ruwan da aka kwana ana yi ya daskare a kan komai. Da jan ciki na kai gidan a 'yar motata mai mataccen hita, ina tuƙi ina goge gilashi da hannun riga. Hajiya, matar Alhaji, na tsaye a bakin ƙofa cikin mayafi, idanunta sun kumbura. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta ce, "Yana cikin mota, ɗana. Bayan kujera. Cewa yake direba bai san inda mutuwa za ta same shi ba."

Na juya na dubi a-kori-kurar Alhaji. Ƙanƙara ta lulluɓe ta tun daga rufi har taya, sai ƙyalli take. Makulli ya ƙi shiga ramin. Na gasa shi da ashana har na ƙona yatsa, ya shiga, ya juya, amma ƙofar ko motsi, ta manne da jikin motar. Na ja hannun ƙofar har na ji yana shirin ɓallewa, na sake shi. Ɗaya ɓangaren ma haka. Na ce a ba ni ruwan ɗumi. Ina! Wuta ta ɗauke tun asuba, murhun gidan kuma na lantarki ne.

Sai Hajiya ta miƙo mini ɗan rimot ɗin da ke tayar da motar daga nesa. Alhaji ya sa an ɗaura mata na'urar ne a farkon sanyin bara, ni ma na raka shi don in yi masa tafinta. Kullum yana barin hita a buɗe, da safe ya danna daga taga yana shan shayi, kafin ya fito motar ta yi ɗumi. Idan ta tashi yanzu, ƙanƙarar za ta saki ƙofa da kanta.

Na yi bisimilla na danna. Fitilun gefe suka yi walƙiya, suka mutu. Injin ko tari bai yi ba.

Na sake dannawa. Haka dai. Na ce wataƙila sanyi ne ya kashe ɗan batirin rimot, na cusa shi a hammata ina zagaya tsakar gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Na fito da shi na danna. Walƙiya, shiru. To ai da rimot ne ya mutu, fitilun ba za su amsa ba. Da batirin mota ne kuma, da ba su haska tar haka ba. Na karɓi cokali na kankare gilashi daidai faɗin tafin hannu, na leƙa ko an bar ta a giya. A'a, tana inda ya kamata. Ga bayan kujerar ina hange, ko taku biyu babu tsakanina da shi.

Wayar gidan ta yi ƙara. Malam ne.

"Kana ina?"

Na yi masa bayani. Ya ce Baturen gidan ajiye gawar ya leƙo yana duba agogo, an gama wanka, Alhaji na kwance a rufe da tawul. Ya ce wani ya riga ya kawo farin zanin gado daga kanti, idan ban iso ba da shi za a yi.

"Fasa gilashin mana! Me kake jira?"

Na ajiye wayar na gaya wa Hajiya. Ta girgiza kai. Ta ce motar nan tun jiya ta tashi daga ta Alhaji, ta zama ta magada, akwai 'ya'yansa a gida Maraɗi da ba a tambaye su ba. Sannan muryarta ta karye, ta ce, "Ko binne shi ba a yi ba, a fasa masa mota?"

Wallahi raina ya ɓaci. Na ji kamar in ce mata gilashi da likkafani wanne ne babba, amma wace fuska gare ni da zan ɗaga wa mace murya ranar farko ta takabarta? Na haɗiye. Na koma na kira shagon da suka ɗaura na'urar, wayar ta yi ta ƙara babu mai ɗauka. Na fito na danna rimot daga gaba, daga baya, na ɗaga shi sama, na manna shi da gilashi. Yatsuna sun daina jin komai. Har zagin na'urar na yi da Hausa, na ce Allah wadaran wanda ya ƙera ki.

Wayar ta sake ƙara. Hajiya ta ɗauka da kanta. Ban ji abin da aka gaya mata ba, na dai ga ta fito har kan matakala, inda bai kamata mai takaba ta tsaya ba.

Ta ce, "Fasa." Ta juya mini baya.

Akwai bulo a gindin katanga, gaban motar. Na sunkuya zan ɓamɓaro ɗaya daga ƙanƙara, sai idona ya faɗa kan wani abu ja yana leƙowa ta ƙarƙashin bonet. Gefen bargo ne. Na duba da kyau, ashe bonet ɗin bai rufu duka ba, ya ɗan ɗaga, ƙugiyar waje ce kawai ta riƙe shi. Nan take na tuna abin da mai shagon ya faɗa, wanda ni da bakina na fassara wa Alhaji: muddin bonet a buɗe yake, na'urar ba za ta tayar da inji ba, don kada ta cinye hannun makanike.

Na daddaki bakin bonet da gindin cokali har ƙanƙarar ta tsage, na zura yatsa na saki ƙugiyar. Ga bargo shimfiɗe a kan injin, an cusa gefunansa ta ko'ina da kyau, yadda ake lulluɓe jariri.

Hajiya ta matso ta gani. Ta ce, "Bargona ne. Kullum sai mun yi faɗa a kansa. Tun yana tuƙin Agadas yake rufa wa inji bargo in sanyi ya yi, da asuba ya cire." Ta karɓe shi daga hannuna, ya sandare kamar kwali, ta rungume. "Da ya shigo jiya hannunsa sanyi ƙalau, na yi ta mita. Ashe daga nan yake."

Na buga bonet ɗin da ƙarfi har ya kama. Na danna. Fitilu suka haska, aka ɗan yi shiru, sai injin ya yi gurnani ya tashi. Ban taɓa jin daɗin ƙarar inji kamar ranar ba, amma saura jira, kuma jiran ya fi komai wuya. Na tsaya ina kallon ruwa na tsattsafowa a gefen gilashi, wayar na ta ƙara a cikin gida, babu wanda ya je ya ɗauka. Da na ga ya fara gangarowa ta bakin ƙofa, na sa kafaɗa na bangaje ta, na ja. Ta buɗe da ƙara kamar an yaga tsumma.

Likkafanin yana nan a bayan kujera cikin jakar leda. Na ɗora shi a gaban gilashi inda iskar hita ke fitowa, na ja motar Alhaji na bar tawa a nan. Yadda na kai cikin gari ban faɗa rami ba, Allah ne kawai ya tsare.

Na tarar sun shimfiɗa zanin kantin a kan tebur, mutum biyu har sun kama kafaɗun Alhaji za su ɗaga. Malam ya dakatar da su. Ya naɗe zanin ya ajiye gefe, ya karɓi ledar, muka warware yadin tare. Da na sa hannu ƙarƙashin wuyan Alhaji don mu ɗora shi, jikinsa ya yi sanyi har cikin ƙashina, yadin kuwa da sauran ɗuminsa. A nan kuka ya ƙwace mini, sai wani ne ya karɓi ɗaurin ƙafar.