Mai Askin da Dodon Rami Ya Cinye

A shekarun da ake magana a kansu, unguwar ba ta wuce layi huɗu ba, kuma dukkansu suna gangarawa ne zuwa wani tsohon rami inda aka taɓa fasa duwatsu. Da aka daina aikin, ruwan sama ya cika ramin, ya yi kore, ciyayi suka kewaye shi. Iyaye kan gaya wa yara cewa akwai dodo a ciki mai dogon wuya, ba don wani ya taɓa ganinsa ba, sai don kada yaran su je wanka. A bakin layi na biyu akwai shagon aski mai kujera ɗaya, a gefensa kuma ɗakin kallo, inda ake jera benci a gaban talabijin.

Mai shagon askin ana kiransa Almakashi. A hannun kawunsa ya koyi sana'ar, kuma ya shekara goma sha tara yana yinta a wuri ɗaya. Waɗanda suka zauna a kujerarsa sun haɗu a kan cewa bai iya aski da baki a rufe ba. Kafin ya gama gefe ɗaya na kai, mutum ya ji labarin layi huɗun gaba ɗaya.

Ƙanin matarsa shi ne Mai Kyamara, wanda yake ɗaukar bidiyon tarurrukan makarantu. Ya kalli wasu finafinan tsoro da ake shiryawa kamar kaset ne aka tsinta a daji: mutane sun fita farautar wata halitta, hoto yana rawa, ana haki, ba a ganin abin sosai, sai kaset ya yanke. Ya bayyana wa Almakashi cewa sirrin irin wannan fim ɗaya ne, wato mai kallo ya yarda cewa mutanen sun ɓace da gaske. Ya riga ya samo baƙi biyu daga wani gari da za su fito a nasa fim ɗin, amma yana bukatar fuskar da kowa ya sani.

"Yaya, ihu kawai za ka yi," in ji shi. "Kai da kake surutu kyauta tun safe, ihu ɗaya ba zai gagare ka ba."

Yamma uku suka yi suna ɗauka. Wuyan dodon da tsohon tiyub ɗin babbar mota aka yi shi, aka lulluɓe da tamfol, ana jansa da igiya daga cikin ciyawa. Almakashi ya yi ihunsa, ya faɗa ruwa inda bai wuce gwiwa ba, aka jefar da kyamara a taɓo. A farkon fim ɗin Mai Kyamara ya rubuta cewa an tsinci kaset ɗin a bakin rami, kuma ba a sake ganin mutanen uku ba. Baƙin suka koma garinsu. Shi kuwa Almakashi aka ce ya shiga ɗakin baya na gidansa ya yi mako biyu, har fim ya karɓu. An koya wa matarsa ta riƙa cewa ya fita bai dawo ba.

A nan ne lissafinsu ya kuskure. Mutanen unguwar ba su san wannan salo ba. Abin da suka sani shi ne sun ga maƙwabcinsu yana nitsewa. Kafin a gama nunawa a ɗakin kallo, rabin benci sun tashi. Kwana biyu maza suka yi suna laluben ramin da gora da ƙugiya. Cikinsu har da Tsohon Direba, wanda bai taɓa bai wa wani mai aski kansa ba sai Almakashi. Ya zame a kan dutse, ƙafarsa ta karye, kuma ba ta sake miƙewa daidai ba.

Ɗakin baya wurin ajiye tarkace ne, tagarsa ƙarama ce can sama, tana kallon bango. Ta cikin wannan bangon Almakashi ya riƙa jin masu zuwa jaje. Ya ji ana yabon halinsa, ya kuma ji wani yana cewa Allah ya jiƙansa, amma hannunsa yana da nauyi a ƙeya. Sau da yawa amsa ta zo masa baki ya haɗiye. Da labarin ƙafar Tsohon Direba ya iso, ya ce zai fita a ranar. Matarsa ta tsaya a ƙofa ta tambaye shi da wace fuska za ta kalli matan da suka zauna suna kuka tare da ita. Ya koma ya zauna. Kowace rana da ta wuce sai fitar ta ƙara nauyi, domin kowace rana ana ƙara yi musu alherin da ba su cancanta ba.

Mai Kyamara ya zo da mafita: za a yi kashi na biyu, a nuna Almakashi ya kuɓuta daga kogon dodo, ta haka zai dawo ba tare da an kira kowa maƙaryaci ba. Saboda haka aka hana shi taɓa gashinsa. Mai aski ya zauna gemu ya cika masa fuska, reza tana kan kwali a gabansa. An ɗauki wani ɓangare a cikin ɗakin, an rufe tagar da buhu don ya yi kama da kogo. Sai hukuma ta fara tambayar yadda kaset ɗin ya shigo hannun Mai Kyamara. Ya ce zai je sayo batir a wani gari, bai dawo ba.

Almakashi ya ƙara mako biyar yana jira. A rana ta tamanin da uku, da hantsi, ya buɗe ƙofa ya bi layi na biyu. Mata suka janye yara. Bai tsaya a shagonsa ba, ya wuce gidan Tsohon Direba, ya same shi a zaune da sanda a gefe, ya durƙusa. Tsohon ya dube shi ya tambaya:

"Daga ramin kake, ko daga ina?"

"Daga ɗakin baya, Baba."

"Da ka ce daga ramin ne, da ƙafar nan ta fi yi mini daɗi."

Almakashi ya sake buɗe shago, amma unguwa ta kasu biyu. Wasu suka ce ba za su zauna a gaban wanda ya saurari kukansu ta bango ya yi shiru ba. Wasu kuma suka ce sun ga nitsewarsa da idonsu, don haka ko wane ne wannan, ba za su ɗaga masa maƙogwaro yana riƙe da reza ba. Ya ci gaba da aski har ƙarfinsa ya ƙare, mafi yawa ga baƙi masu wucewa, kuma waɗannan sun san shi ne a matsayin mutum marar magana. Duk da haka, kowane ƙarshen wata yakan ɗauki kayan aikinsa ya tafi gidan Tsohon Direba. Tsohon yakan ba shi kansa, bai taɓa ba shi hira ba.

Kashi na biyu bai kammalu ba. Abin da aka ɗauka minti goma sha ɗaya ne, kaset ɗin yana hannun 'yar Almakashi, ba a taɓa nuna shi ba. Mai Kyamara bai dawo ya faɗi nasa bayanin ba, kuma har yau ba a san inda yake ba.