Hamidu Mai Gyaran Itace da Gidajen da Suka Daina Kiransa

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da muka kai Hamidu makwancinsa. Ba malami ba ne, ba attajiri ba, don haka ban sa ran masu karanta jaridar nan sun san shi ba. Abokina ne. Tare muka ƙetaro daga Sudan muna samari, muka sauka a unguwar Misfala da ke Makka. Ni na kama sayar da ruwa gida-gida, shi ya kama hawan itace.

Wanda ya san Makka ta yau zai yi mamakin a ce mutum ya ci abinci da wannan sana'a a garin duwatsu. Amma a lokacin gidajen masu hali suna da tsakar gida, wadda suke kira hoshi, kuma akan sami magarya ko dabino ɗaya a ciki, ruwan alwala da na wanke-wanke na raya su. Hamidu ne ke hawa da igiya a ƙugu, ya aske busasshiyar zarɓar dabino, ya datse reshen da ya leƙa gidan maƙwabci, ya ƙwaƙule inda tsutsa ta ci ya cike da laka. Kafin ya ɗora lauje sai ya tambayi wanda ya dasa itacen, domin abin da ya tsiro da kansa a cikin Harami ba a sare shi. In ba wanda ya sani, sai ya naɗe igiyarsa ya fita. Da wannan aiki ya yi aure, ya reni 'ya'ya mata uku.

Ba rana ɗaya kira ya ɗauke ba. Bayan yaƙin duniya na biyu, gidan da ke nemansa sau biyu a shekara ya koma sau ɗaya, daga nan shiru. Mun sha musu a kan dalili a bakin bazan, inda muke ɗibar ruwa. Shi yana cewa risho ne. Da, mata ke jiran rassan da ya datse su hura wuta, su ke tuna wa maigida lokacin gyara ya yi, amma da kananzir ya shigo ba mai tunawa. Ni ina cewa alhazai ne, don na ga gidan da ke sayen garwa biyu ya koma sayen goma, kowane lungu an kewaye shi an sa baƙo. Wani mai shago kuma ya ce motoci na kawo dabinon Madina da araha, wa zai wahala da na tsakar gida? Har yau ban iya ware ɗaya na ce shi ne ba.

Ina wurin ranar da Ammu Salihu, wani maigida a unguwar Tandabawi, ya kira shi. Magaryar gidan ta fi shekara ashirin a hannun Hamidu.

"Ya Hamidu, yau ba gyara ba ne. Daga gindi za ka ɗauke ta."

"Ammu, ta yi 'ya'ya. A ba ta wata ɗaya su nuna."

"Magina jibi za su zo."

Kwana biyu Hamidu ya yi yana sauke ta reshe-reshe, don kada ta taɓa bangon maƙwabta. Ganyen ya kai wa matan da ke wankan gawa, kututturen ya tafi gidan burodi. Ammu Salihu ba mugun mutum ba ne, iyali gare shi da yawa, kuma ɗaki uku ya samu a wurin.

Daga nan kusan duk kiran da ya zo na sarewa ne. Wata rana ya ce mini, "Ɗan'uwa, yanzu duk aikin da na yi, na rage wa kaina gida ɗaya ke nan." Bai daɗe ba ya daina amsa kiran, ya koma ɗaukar kayan alhazai a ka, ga shekaru sun fara ja. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya cika da hantsi, matarsa da 'ya'yansa na gefe.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Gidan Ammu Salihu kansa an rushe shi. Itatuwa sun bar tsakar gida sun koma bakin titi, motar ruwa ke shayar da su, ma'aikata na aske su tsayi ɗaya. Ban ga zai yi fushi ba, ba halinsa ba ne. Ina jin tsayawa zai yi ya duba inda aka yanka, ya ga ko an bar wa reshen hanyar warkewa.

Abin da ya rage nasa kaɗan ne. Babbar 'yarsa, Zulai, tana unguwar Utaibiyya a gidan bene, ba ta da ko tukunyar fure. 'Ya'yanta sun fi jin Larabci da Hausa, kuma in aka tambaye su sai su ce kakansu ɗan dako ne. Ba ƙarya suka yi ba, ya yi dako shekara biyu. Amma kafin nan ya yi ashirin da ɗoriya a kan itace, ba a taɓa cewa itacen da ya gyara ya bushe ba. Wannan nake so su sani.