Shekarar da Atiku Mai Hatsi Ya Rame

Atiku Mai Hatsi mutumin Turba ne, a ƙasar Isa. Da jakin aro ya fara fataucin gero, kafin ya kai hamsin yana da rumbu bakwai da tumbin da ke riga shi shiga masallaci. Ko bakin kasuwa sai a kan babur.

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai yi kai ba, kowa a garin ya zabge, ban da shi. A lokacin ne ƙishirwa da yawan fitsari suka kai shi asibiti. Likita ya ce ciwon suga ne.

"Alhaji, cikin kowace ƙwayar naman jikinka akwai wani sinadari mai kamar mai gadi," in ji likitan. "In ya ji ƙarfi ya yi ƙasa, shi ke sa jiki ya ƙone kitse, ya janye suga daga jini, ƙafa ta ƙara juriya. Yunwa da tafiya ke tada shi. Naka ya daɗe yana barci. Ka rage tuwo, ka taka ƙasa."

"Likita, shekarag ga da kowa ka gudun yunwa, ni za ni nemo ta?"

"Ita ce maganinka."

Sai ya jingine babur. Kullum da hantsi yakan bi Yero, makiyayin da ke kora ragowar shanunsa neman ciyawa. Ranar farko ko bayan gari ba su kai ba ya zube gindin aduwa yana haki. Yero, wanda ke wuni a kan ƙwarya guda ta nono, ya tsaya yana kallon ikon Allah.

Bayan wata uku Atiku ya iya zuwa kasuwar Isa a ƙafa. Riga ta yi masa yawa. Nan fa gari ya ɗauka: Alhaji ya karye, rumbunan nan iska ce a ciki. Masu gaishe shi suka koma yi masa jaje. Wata rana tsohuwa Adda, wadda ita kanta tafasa take ci, ta tare shi da ɗan dunƙulen fura a leda.

"Amshi, ɗana. Kowa da ranatai."

Ya rantse mata umarnin likita ne. Ta ce haka ne, Allah shi rufa asiri, ta cusa masa a aljihu.

Wannan fura ta fi ciwon yi masa zafi. Washegari ya sa aka buɗe rumbu biyar a gaban jama'a don a ga ƙaryar 'yan gulma. Da mutane suka ga damman gero sai suka yi layi, shi kuwa kunya ta hana shi rufewa, dole ya sa aka raba musu. Da hatsin nan Turba ta kai kaka ta gaba.

Ya ƙara shekara goma sha tara a duniya, siriri, mai saurin tafiya. Ranar jana'izarsa liman ya daɗe yana yabon tausayinsa ga talakawa.