Kukan Da Auta Take Ji a Ɗakin Awo

Auta muke ce mata, don daga ita mahaifiyarmu ba ta ƙara ba, kuma sunan ya bi ta har gidan miji. Ni ce babbar yayarta. Na goye ta, na share mata hanci, saboda haka ina da bakin faɗin abin da na sani a kanta. Wanda ban gane ba ma zan faɗa, ko wani ya fi ni kai.

Tun tana 'yar mitsitsiya kunnenta ya fi na kowa a gidanmu. Ba a gulma idan Auta tana nan, ko da bango biyu ne a tsakani. Tana kwance a ɗaki za ta ce, "Ga Baba nan, kuma ransa a ɓace yake." Mu leƙa layi mu ga wayam, sai can mu ji an banko ƙofa. Wai daga yadda yake jan takalmi take ganewa. Mahaifiyarmu kan ce kunne aka fara yi wa yarinyar nan, sauran jikin daga baya aka haɗa mata.

Da ta gama karatu sai ta samu aiki a wani kamfanin waya, sashen masu ƙorafi. Daga safe zuwa yamma tana zaune da abin sauraro a ka, mutanen da ba ta taɓa gani ba suna zazzaga mata masifa a kan laifin da ba nata ba. Ta yi shekaru a haka, har ta yi aure tana yi. Mijin nata direban babbar mota ne, mutumin kirki, sai dai ya fi kwana a hanya bisa ga gida. Suka kama haya a benen da nake, su a sama, ni a ƙasa da keken ɗinkina.

Baba ne ya canja mata hanya. Jinsa ya yi ta raguwa har ya zama sai murmushi da gyaɗa kai, mutumin da a da ba ka raba shi da majalisa. Auta ta kai shi asibiti aka auna shi, aka saƙala masa wata 'yar na'ura a bayan kunne. Suna fitowa a barandar asibitin sai ya tsaya cak ya waiga, ya ce, "Auta, wa yake bin mu?" Babu kowa. Takun ƙafarsa ne, ya manta da shi. Ta ce mini a nan wurin ta san ta gama da kamfanin waya. Ta ajiye aikin ta koma makaranta koyon awon ji, mu kuwa muka yi ta tsiya, muna cewa da girmanta za ta koma ɗaukar jaka. Ta yi jarrabawar ƙarshe da ciki niƙi-niƙi, kujerar ajin ma da ƙyar take ɗaukarta.

Ta haifi mace, lafiyayya, mai maƙogwaro. Kafin a je ko'ina duk benen ya raɗa mata Jiniya, domin idan ta buɗe baki har mai shagon bakin titi sai ya san an tashi. Tana 'yan watanni wani asibiti ya ɗauki Auta aikin gwaji: idan ta yi kyau a tabbatar da ita, idan ba haka ba a sallame ta. Da safe ta sauko mini da yarinyar da kwalaben nonon da ta tatsa, da yamma ta karɓa.

Wata rana na je kai mata makulli na ga wurin aikin nata, kuma ban so shi ba. A ƙarshen wata doguwar baranda yake. Cikin ofishin akwai wani ƙaramin ɗaki kamar akwati, ƙofarsa mai kauri irin ta firij, bangonsa duk ƙananan huji, babu taga sai gilashi guda da yake kallon teburin na'ura. Majiyyaci ya shiga a rufe shi, a sa masa abin sauraro, a ba shi maɓalli a hannu. Mai awo yana waje yana aika masa sauti siriri, in ya ji ya danna. Auta ta ce in shiga in gwada. Tana rufe ƙofar na ji kamar an cusa mini auduga har cikin ƙwaƙwalwa. Na ji haɗiyar yawuna, na ji jinina yana tafiya. Na buga gilashin na ce ta buɗe mini, ni ban mutu ba tukuna.

Shugabanta wani dattijo ne siriri mai magana ƙasa-ƙasa, kowa Malam yake ce masa. A ƙa'idarsu, kowace safiya kafin majiyyata su zo sai an gwada na'urar da lafiyayyen kunne, a ga ko ta kauce. Da Malam ya gane irin kunnen da Allah ya kawo masa, sai ya bar wa Auta wannan. Ita take shiga akwatin, shi yana aikawa, tana dannawa.

A nan abin ya fara. Wata safiya tana ciki, shiru ya rufe ta, sai ta ji kukan Jiniya. Ba daga abin sauraron ba, ta ce daga can bayan bango yake zuwa, kamar ana tsakanin ɗaki da ɗaki. Kafin ta ankara gaban rigarta ya jiƙe. Ta danna maɓallin, ta fito tana laluben waya.

"Yaya, kuka take?"

Na dubi yarinyar a kan cinyata, fuska jajir, na ce, "Yanzu ta fara. Wa ya gaya miki?"

Ta kashe wayar.

Daga ranar kullum sai ta kira, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Sau da yawa yarinyar barcinta take yi, in ce mata ta bar ni in yi ɗinkina. Amma akwai ranakun da take dacewa, har ta ce mini, "Wannan na yunwa ne," ko "Duba mata ƙugu, wani abu yana matse ta," in duba in tarar haka ne. Waɗannan ranakun su suka fi ba ni tsoro. Tsakanin asibitin da gidanmu sai an hau mota an sauka an sake hawa.

Kukan bai tsaya a akwatin ba, ya bi ta har teburin na'ura. Ran nan tana tsakiyar auna wani tsoho ta ji shi, ta miƙe ta fita baranda da waya. Ta bar bawan Allah a rufe, da maɓalli a hannu, yana jiran sautin da ba mai aiko masa. Malam ne ya zo ya buɗe shi. Bai yi mata faɗa ba. Ya zaunar da ita ya ce:

"'Yar nan, kunne ba ya son zaman banza. In bai samu abin ji ba, ƙirƙira yake yi. Kin ga masu zuwa mana da ƙara a kunne, wani ya ce gyare, wani ya ce injin niƙa? Me muke koya musu?"

Ta ce, "Kada su yi faɗa da shi, kada su amsa masa."

"To ke ma haka. In ya zo, ki ɗora hannu a gwiwa, ki ja numfashi a hankali, ki bar shi ya wuce ta bayanki. In kika sake barin mutum a ɗakin can, ba ni da bakin da zan kare ki a wurin na sama."

Auta ba ta iya koyon abu rabi-rabi ba. Kiran waya ya ragu, ya zo ya tsaya. Ta daina zuwa aiki da rigar canji. Malam ya fara yabonta a gaban likitoci, majiyyata suna tambayar "wannan mai haƙurin". Ni ma na ji daɗi, na ce Allah ya raba mu da wahala.

Wata Asabar da hantsi, ba ta da aiki, na hau kai mata wata riga da na rage wa hannu. Tun daga matakala nake jin Jiniya, kuma ba irin kukan da na sani ba, muryar har ta dushe. Na tura ƙofa. Auta tana zaune a falo, bayanta a miƙe, hannuwa a kan gwiwa, ido rabi a rufe, tana jan numfashi a hankali. Fuskarta lumui kamar mai jin daɗin iska. Na wuce ta da gudu zuwa ɗaki. Yarinyar ta zura ƙafa tsakanin sandunan gadonta ta juye, cinyar ta kumbura ta yi ja, gashinta sharkaf da gumi. Na zare ta na fito da ita a kafaɗa, raina yana tafasa.

"Ke wace irin uwa ce? Ba ki ji ba?"

Ta buɗe ido ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta sake dubana. A hankali ta ce, "Yaya, ke ma kin ji?"

Na yi niyyar zaginta ta uwa ta uba, amma wannan tambayar ta kashe mini jiki. Na zauna a gefenta, mu uku muka yi ta kuka.

Ƙafar ta warke cikin 'yan kwanaki. Amma ban san sau nawa irin haka ta faru ba a ranakun da ban hau ba, ita ma ba ta sani ba. Abin da na lura da shi shi ne, a wurina Jiniya tana nan da halinta, in abinci ya makara sai ta tara mini jama'a. Da zarar uwarta ta hau da ita sama, ɗif. Maƙwabta har suna yi wa Auta barka, wai yarinya ta yi hankali. Auta za ta tsaya a bayanta ta kira ta, ta yi mata tafi, yarinyar ko gezau, sai wasa da yatsun ƙafarta. Auta ta rame, ta koma kallon fuskokin mutane kafin ta motsa, ta ga ko su ma sun ji abin da ta ji. Ganin haka yana ci mini rai.

Ƙarshe ta ce kunnen yarinyar ne ya samu matsala, sai an auna. Na ce mata yarinyar da take waigowa in na ajiye almakashi? Ta ce ita dai a auna. Na gane ta fi son a ce kunne ne, domin wannan ta san maganinsa.

Muka je da rana bayan majiyyata sun ragu. Yara ƙanana ba a ba su maɓalli. Ni na shiga akwatin na zauna da Jiniya a cinya, bayanta a ƙirjina, tafin hannuna a kan cikinta. Akwai lasifika dama da hagu, kowace da 'yar tsana a cikin gilashi mai duhu. In yaro ya juya wajen sautin, sai a kunna wa 'yar tsanar fitila. Auta tana waje a teburin, Malam yana tsaye a bayanta ya harɗe hannu.

Sauti ya fito ta dama, Jiniya ta juya, 'yar tsana ta haska. Ta hagu, ta juya. Aka yi ta rage shi har ni na daina jin komai, ita kuwa tana juyawa tana dariya. Kunnen uwarta ta ɗauko, babu ko tantama. Ta cikin gilashi na ga Malam yana gyaɗa kai.

Saura gwajin murya. Auta ta jawo makirfo kusa da bakinta. Ba ta iya kallonmu ba, ta sunkuyar da kai ta dafe goshi da hannu, sannan muryarta ta fito ta lasifikar dama, siririya.

"Jiniya. Mama ce."

Yarinyar ba ta juya ba. Na ji jikinta ya sandare a hannuna. Na leƙa fuskarta, sai na ga bakinta a buɗe, leɓen ƙasa yana rawa, hawaye suna gangarowa har wuya, amma babu sauti ko kaɗan. A ɗakin da ake jin haɗiyar yawu, ban ji komai ba. Cikinta yana ƙarƙashin tafina, da ta fitar da ko ɗan ƙara ne da na sani.

Auta kanta yana sunkuye, ba ta ga wannan ba. Na ga hannuwanta sun sauka sun nufi gwiwa, kafaɗunta sun ɗaga za ta ja numfashin nan nata. Sai ta tsaya a haka. Ta fizge abin sauraron daga kanta, kujerar ta kife, ta finciko ƙofar nan mai nauyi ta faɗo ciki ta durƙusa a gabana.

"Na ji, na ji, ga ni nan. Yi haƙuri, na ji ki."

Ta ɗauke ta daga cinyata ta manna a wuyanta. Malam ya biyo ta ya tsaya a bakin ƙofa. A kan na'urar akwai wasu ƙananan fitilu kore da suke tsalle duk lokacin da aka yi ƙara, komai ƙanƙantarta, a cikin akwatin. Ya waiga ya dube su, ya dube ni, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ɗazu ba su motsa ba." Na ce masa na sani.

Auta ba ta ko kalle mu ba. Tana jijjiga 'yarta tana cewa ta ji, har yarinyar ta damƙi kwalar rigarta da hannu biyu, ta ja wani dogon numfashi, ta saki muryar gaba ɗaya a cikin kunnen uwarta.