Yatsan Baba da Murfin Mai

A layin gareji babu wanda yake kiran mahaifina da sunansa. Mai Yatsa ake ce masa. Shekara talatin da ɗoriya yana juyen baƙin mai, kuma bai taɓa duba littafin mota ba. Zai zaro sandar awo, ya lakato mai, ya murza tsakanin babban yatsa da manuni, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya, sannan ya yanke hukunci. Hukuncin kuwa kullum ɗaya ne: mai kauri. A wurinsa mai tsinkakke ruwa ne aka shafa wa launi don a cuci talaka. Da wannan yatsan ya ciyar da mu bakwai, don haka babu mai musu da shi a gidanmu, har ni da ake cewa na fi kowa baki.

Da aka rage ma'aikata a inda maigidana yake aiki, sai ya tattara abin da aka sallame shi da shi ya sayi ƙaramar mota ta zamani don yin haya. Ita ce abincinmu, ita ce makarantar yara, ba mu da wata madafa bayanta. Wanda ya sayar masa ya ja masa kunne har sau biyu cewa injinta mai tsinkakke yake sha, lambar tana nan a rubuce kan murfin man. Amma da lokacin juye ya yi, ina zai kai ta in ba wurin surukinsa ba? Ya tsaya yana kallo Baba ya ɗauko galan ɗin da ya saba, mai 20W-50, ya tuttula mata. Maigidana ya buɗe baki, kunya ta rufe masa shi. Har godiya ya yi.

Kwana uku bayan haka, da safe, ya murza makulli sai injin ya ɗauki wata ƙara, kar-kar-kar, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Wata 'yar fitila ta kama a gaban sitiyari, ta ƙi mutuwa. Ya kashe, ya zauna ya dafe kai.

"Man ne," ya ce. "Hanyoyin cikinta sirara ne, mai kaurin ba ya hawa da wuri. In na ci gaba da tuƙa ta, injin zai buga."

"To ka koma ka faɗa masa mana!"

"Ni? In dubi tsabar idon Baba in ce ya yi kuskure? Haba, Maman yara."

Raina ya ɓaci sosai, na yafa mayafi na ce a ja motar da igiya zuwa garejin Baba.  Duk hanya ina tsoron injin, ina kuma tsoron fuskar mahaifina.

Mun tarar da shi kan bencinsa, mai faci da mai walda suna gefensa. Da ya ga igiya sai ya miƙe.

"Auta, lafiya? Me ya same ta?"

Maigidana ya durƙusa ya gaishe shi, ya koma bayan mota yana duba tayar da babu abin da ya same ta. Aka bar ni ni kaɗai.

"Baba, ƙara take yi tun da aka yi juye."

"Filogi ne. Bari in tayar da ita in ji."

Ya miƙo hannu, ni kuwa na damƙe makullin a tafina. Tun da aka haife ni ban taɓa hana shi abin da ya miƙo wa hannu ba. Mai walda ya ajiye abin da yake riƙe da shi.

"Kada a tayar da ita, Baba. Don Allah ka duba murfin man tukuna."

Ya daɗe yana kallona. Sai ya ɗaga bonet, ya kwance murfin, ya goge shi da tsumma. Ya kawo shi kusa da hancinsa, ya nisanta shi iya tsawon hannu, ya juya shi wajen rana. 

"Karanta min," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na baro tabarau a gida."

Baba ba shi da tabarau, ni nake share ɗakinsa duk mako. A nan na gane cewa idon ya daɗe da tafiya, yatsan nan ne kaɗai ya rage masa. Fushina ya zube, tausayi ya kama ni. Na matsa kusa yadda su mai faci ba za su ji ba, na ce, "0W-20."

 Ya aiki mai faci shagon kayan mota da murfin a hannu, ya ce a kawo mai lamba iri ɗaya sak, da sabuwar matatar mai. Shi kuma ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar da kansa, duk da ciwon bayansa. Muna tsaye muna jin man yana zuba cikin roba a hankali, kamar ba ya son fita. Ya jira har ɗigon ƙarshe, ya ɗaure, ya zuba sabon.

"Ba mijinki makullin."

Maigidana ya murza. Ƙarar ta taso, kar-kar, na riƙe numfashi, na ƙirga ɗaya, biyu, uku. Sai ta lafa, injin ya koma wani lallausan gurnani. Fitilar ba ta mutu ba sai da ya zaga layin sau biyu. Na zauna a kan wata tsohuwar taya.

Da na ɗago, Baba yana kan benci da galan ɗin sabon man da ya ƙare. Ya karkata shi, ragowar man ya ɗiga a manuninsa. Yana ta murzawa, ido a lumshe, ya ƙi dainawa.

"Baba, me kake yi?"

"Koya wa yatsan nake yi, Auta," ya ce. "Ba kullum za ki zo ki karanta min ba."