Ƙofar da Datti Ya Tsare

Shekara talatin da ɗaya Malam Datti mutumin Toranke ya yi yana gadin ƙofar wata tsohuwar kwaleji a hanyar Gaya zuwa Ajingi. Ƙofa ce ta baƙin ƙarfe mai ginshiƙi biyu, wai tun zamanin Turawa aka kafa ta. Katanga kuwa? Wace katanga! Damina ta cinye ta tun gemun Datti yana baƙi. Ƙofa dai tana nan tsaye a fili da ƙaton kwaɗonta, mutane da awaki suna bi ta gefe abinsu.

Al'adar makarantar, ba a buɗe ta sai ranar yaye ɗalibai, kuma ba mai ratsa ta sai wanda ya ci jarrabawa. A ranar ne Datti yakan zuba mata mai, ya jawo ƙyauren, ya raɓe a bayansa har ɗalibai su gama wucewa. Shi bai yi boko ba, don haka ƙafarsa ba ta taɓa taka tsakanin ginshiƙan nan ba. Abin kuwa yana cin ransa. Burinsa ke nan a duniya, ya bi ta ciki ko sau ɗaya.

Da ritaya ta matso, ya roƙi Hafizu akawu ya rubuta masa takardar neman izini. Shugaban makaranta ya kafa kwamiti. Kwamiti ya zauna sau tara, kaji sun ji jiki, aka tashi a kan a kafa ƙaramin kwamiti. A shekarar ne ma aka karrama ɗan kwangilar da ya shafa wa ƙofar fenti, ya ratsa ta yana ɗaga hannu. Datti ne ya buɗe masa.

Matarsa Indo ta ce, "Malam, makullin fa yana aljihunka. Ka buɗe ka wuce mana, wa zai hana ka?"

Ya ce, "Haba Indo! In ni na karya dokar, to me na yi shekara talatin da ɗaya ina tsarewa?"

Ya miƙa makulli, ya koma gonarsa.

Bayan shekara biyu sai ga Hafizu a kan babur da takarda, an amince! Wayyo murna. Datti ya sa farar rigarsa ta Sallah, ya hau bayan babur. Suna isa suka tarar da ginshiƙai biyu tsirara. Ashe tun bara aka cire ƙyauren aka kai Kano, wai gyara. Awakin Hajo mai ƙosai suna kwance a tsakani suna tuƙa.

Hafizu ya kore su, ya ce, "Bismilla Baba, wuce."

Datti ya daɗe yana kallon wurin, idonsa ya cika da ƙwalla.

Ya ce, "To wa zai buɗe mini?"

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya bi ta gefe kamar kullum.